Synology DS1821+ a shagon bindiga: akwatin ya iya aikinsa, amma sai an tsaya a kansa

Duk wanda ya taɓa harhaɗa kyamarorin tsaro a shago ya san yadda aka saba yi: akwati ɗaya mai faifai ɗaya, ya ɗauki hoton sati biyu ko uku, in ya cika ya koma ya taka na farko. Ba mai damuwa, tunda sata ba ta kai wata guda ba a gane ta ba. A shagon sayar da bindigogi na jihar Kalifoniya a Amurka, irin wannan akwati ko bakin ƙofa ba zai kai ba. Tun 1 ga Janairun 2024, sashe na 26806 na kundin dokokin laifuka na jihar, wanda ya fito daga ƙudurin SB 1384 na 2022, ya ɗora wa kowane mai lasisin sayar da bindiga ɗaukar hoto dare da rana ba yankewa, aƙalla hoto 15 a kowane sakan, haɗe da sauti a cikin shago, sannan a ajiye abin da aka ɗauka shekara guda cur. Illinois kwana 90 take nema, New York shekara biyu. Mun zaɓi ta Kalifoniya a matsayin ma'auni ne saboda ita ta tsaya ta zayyana komai dalla-dalla, har da cewa dole na'urar ta sanar da mai shago duk lokacin da ta katse.

Na'urar da za mu auna a kan wannan doka ita ce DS1821+ ta kamfanin Synology na Taiwan, tare da manhajarta ta kyamara, Surveillance Station. Akwatin ajiyar bayanai ne mai gurbin faifai takwas, da injin AMD Ryzen V1500B, da ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4 da ake iya kaiwa 32, da kafar waya huɗu masu gudun gigabit ɗaya-ɗaya. Ana iya jona masa akwatunan ƙari biyu na DX517, kowanne da gurbi biyar, faifai su kai 18. Ya fito a ƙarshen 2020 a kan kuɗi kusa da dala 1,000, babu faifai ko ɗaya a ciki. Ba shi da kafar jona talabijin, sai dai a kalli hoto ta kwamfuta ko waya. Manhajar kyauta ce, amma kyamara biyu kacal take ɗauka kyauta. Daga ta uku sai an sayi lasisi, dala 50 da 'yan kai kowace kyamara, biya ɗaya ba na wata-wata ba, kuma ana sayar da shi ɗaiɗai ko huɗu ko takwas a haɗe. Shago mai kyamara goma kunshin takwas ɗaya ya ishe shi.

Ƙarfin injin ba abin tattaunawa ba ne. Kamfanin ya ce yana ɗaukar kyamara har 40, goma kuwa ko gumi ba za ta sa shi ba. Inda magana take shi ne faifai, kuma lissafin ba wuya. Megabit ɗaya a sakan, in ana zuba shi awa 24, gigabait 10.8 ne a rana, kusan terabait 3.94 a shekara. Kyamara mai megafiksel 4 da ke ɗaukar hoto 15 a sakan da tsarin matse bidiyo na H.265 takan ci tsakanin megabit 2 zuwa 3 in ana son fuska ta fito. A ɗauki 2.5. Kyamara goma sun zama megabit 25, wato gigabait 270 kullum, terabait 98.5 a shekara. Da tsohon tsarin H.264 sai ka kusa ninka wannan adadi. Sauti ba ya da nauyi, kilobit 64 na tsarin matse sauti na G.711 wajen gigabait 252 ne a shekara ga kowace kyamara.

Yanzu a ɗora wannan a kan gurbi takwas. Wanda zai ajiye abu shekara guda tsarin haɗa faifai na RAID 6 ya kamata ya bi, ko SHR-2 na Synology, inda faifai biyu ke tafiya wajen kariya, shida su ɗauki kaya. Faifai takwas masu terabait 16 za su ba ka 96. Raba da gigabait 270, kwana 355 ke nan, tun kafin manhajar kanta ta ciri nata kason. Ka kashe dubban daloli, amma ka gaza cika doka da kwana goma. Nan ne wasu masu harhaɗawa ke yin dabara su koma RAID 5, inda faifai ɗaya kawai ke kariya, don su sami terabait 112, mu kuwa ba mu yarda da wannan ba. Sake gina faifai mai terabait 20 bayan ya mutu an canja shi, ko da yana gudun megabait 200 a sakan ba sassauci, ya kai awa 28, a zahiri kuma yakan wuce haka nesa tunda kyamarori ba sa daina zuba. Faifan da aka saya rana ɗaya, suka sha zafi ɗaya, ba abin mamaki ba ne na biyu ya bi na farko cikin waɗannan kwanaki. A RAID 5 hakan na nufin shekarar ta tafi baki ɗaya. Takwas masu terabait 20 a RAID 6 su ne mafi ƙarancin abin da za mu sa hannu a kai ga kyamara goma: terabait 120, wanda allon Synology zai nuna maka kamar 109 saboda bambancin ƙirga tsakanin masu ƙera faifai da kwamfuta.

A nan akwai wani ɗan tuntuɓe da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Da ƙwaƙwalwar gigabait 4 da ya zo da ita, DS1821+ ba ya yarda rumbu guda, wato kason ajiya ɗaya, ya wuce 108 a irin wancan ƙirga. Saboda haka sai an raba wurin gida biyu, a tura wasu kyamarori nan, wasu can. Manhajar ta yarda da haka, kowace kyamara ana zaɓar mata wurin ajiyarta. Amma lissafi ya zama biyu ke nan. In ka tara kyamarorin ƙofa da na kanta, masu yawan motsi, a rumbu ɗaya, shi zai riga cika alhali ɗayan na da sarari fal, kuma ba sa ba juna aro. Mu shawararmu a yi rumbu uku: biyu na bidiyo, da wani ƙarami na terabait ɗaya ko biyu don takardun ciniki, wanda za mu zo kansa.

Babban haɗarin wannan manhaja ba lalacewa ba ne, ladabi ne. Kowace kyamara tana da dokar share tsohon hoto iri biyu: ko ta yawan kwanaki, ko ta girman wuri. Bayan su kuma akwai ta rumbun kansa, wadda ke fara sharewa in sarari ya yi ƙasa da abin da aka kayyade. Duk wadda ta riga cika ita ke aiki. Ka rubuta kwana 365 ka tafi hankalinka kwance, rumbu ya cika a wata na goma, manhajar ta ci gaba da ɗauka lafiya lau tana cinye mafi tsufa daga baya. Babu jar fitila, babu ƙara, domin a wurinta ba matsala ba ce, abin da aka gina ta ta yi ke nan. Ga mai shagon kayan masarufi wannan alheri ne. Ga mai shagon bindiga karya doka ne da ba zai sani ba sai ranar da aka nemi hoton wata 11 baya. Maganin a hannu yake, amma ba ya zuwa a saite: a cire iyakar girma daga kowace kyamara, a sa kwanaki 375 ko 380 (shekara kamar 2024 da 2028 kwana 366 ce, 365 ba ta cika ta), a kunna sanarwar cikar rumbu da ta share hoto. Sannan bayan wata ɗaya da fara aiki a duba ainihin abin da kowace kyamara ta ci, a ninka sau 12.5, a kwatanta da wurin da ke akwai. Kiyasin takarda da abin da kyamara ke yi da daddare ba sa zama ɗaya. In haske ya ragu hoto yakan cika da tsaki-tsaki, kyamarar da aka bar wa 'yancin hawa da sauka sai ta ɗauki tsakin nan a matsayin motsi, ta ninka abin da take turawa alhali shago a rufe yake ba kowa. A sa mata rufin da ba za ta wuce ba, a kuma bar fitilu biyu ko uku a kunne.

Akwai dabarun matse bidiyo na zamani, irin su Zipstream na Axis da WiseStream na Hanwha, masu rage nauyi sosai in babu motsi, kuma shago yakan yi fiye da rabin yini a rufe, don haka ribar ba kaɗan ba ce. A yi amfani da su, amma a buɗe saitin a duba. Wasu suna da zaɓin rage yawan hoto a sakan in wuri ya yi tsit. Doka ta ce kada a gaza 15, ba ta ce sai in akwai motsi ba. Haka batun saurin ƙyaftawar idon kyamara: da yawa in duhu ya yi sukan sauka zuwa kashi ɗaya cikin 12 na sakan don su tara haske, wanda ke nufin ba za su iya samar da hoto 15 mabambanta ba, fuskar mai tafiya kuma ta zama shafaffiya. A kafe shi kada ya gaza ɗaya cikin 60 a kyamarorin ƙofa. Surveillance Station na iya saita yawan hoto da nauyi daga cikinta, amma waɗannan ƙananan abubuwa sau da yawa sai an shiga shafin kyamarar kanta ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ragi ne a wurinta.

Wurare uku doka ta ambata: cikin kowace ƙofar shiga da fita, duk inda aka baje bindigogi, da duk inda ake biyan kuɗi, ta yadda za a gane waɗanda ke cinikin. Ma'aunin masana'antar, IEC 62676-4, a bugunsa na 2014 ya sa fiksel 250 a kowace mita don a iya tantance baƙuwar fuska. Kyamara mai fiksel 2,560 a faɗi ba za ta wuce mita 10 na faɗin wuri ba in ana son haka, mai 1,920 kuwa mita 7.6. Kanta mai tsawon mita 12 kyamara biyu ce ko uku, ba ɗaya mai faɗin ido ba. Kyamarar tsakiyar rufi mai ganin ko'ina tana da daɗin kallo, amma tana raba fiksel ɗinta ga ɗaki duka, abin da take nunawa kuma tsakar kai ne da hula. Ta ƙofa a sauko da ita wajen mita biyu da ɗan kai, ta fuskanci mai shigowa, kuma ta kasance mai iya daidaita haske da inuwa a hoto ɗaya, in ba haka ba rana ta bayan mutum za ta mai da shi baƙar inuwa. Mai juyawa da kanta ba ta da wuri a nan: doka ta ce a kafe, kuma duk sakan da ta kalli hagu dama ba ta da shaida. A kanta a tuna cewa “waɗanda ke cinikin” ya haɗa da ma'aikaci, don haka kyamara ɗaya daga bayan kanta ba ta isa ba. Ana son a ga wanda ya tsaya a gefe ma. Sayen bindiga a madadin wani, wanda tambaya ta 21.a a fom 4473, takardar tarayya da mai sayen bindiga ke cikewa, ke nufi, ya zama laifin tarayya mai zaman kansa a 2022 da ɗaurin da ya kai shekara 15, kuma alamarsa ita ce wani ya nuna, wani ya miƙo kuɗi, wani daban ya cike fom.

Wace kyamara za a saya, manhajar ba ta da tsangwama, tana karɓar dubban samfura da duk mai bin ONVIF, ƙa'idar bai-ɗaya ta haɗa kyamarori. Wannan shi ne babban abin da ta fi akwatunan da ke ɗaure ka da kyamarar kamfani ɗaya. A dai sani cewa tun Nuwamban 2022 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta taƙaita ba da izini ga sababbin kayan Hikvision da Dahua, waɗanda su ne masu araha da aka fi sani. A duba jerin samfuran da Synology ta amince da su kafin saye, domin kyamarar da aka jona ta ONVIF kawai wani lokaci hoto ya zo sauti ya ƙi.

Sauti kuwa shi ne inda aka fi yin sakaci. Makirfon da ke jikin kyamarar rufi, kusa da bakin na'urar sanyaya ɗaki, iska kawai yake ɗauka. A kanta a sa makirfo na daban a jona shi da kafar sauti ta kyamara, a zaɓi tsarin sauti na AAC in akwai, domin G.711 muryar tsohuwar wayar tarho ce. Kyamarorin waje a kashe musu sauti: doka ta nemi sauti a ciki ne kawai, Kalifoniya kuma jiha ce da naɗar hirar sirri ba da yardar kowa ba laifi ne. Shi ya sa allon da ake liƙawa a kowace ƙofa, da manyan baƙaƙe da ba su gaza inci ɗaya ba, yake sanar da mai shigowa cewa ana ɗaukar hotonsa da maganarsa. Kalmomin allon doka ce ta tsara su, ba a sauya su.

Sai agogo. Dole kwanan wata da lokaci su fito a jikin hoto, kuma su zama daidai. A sa kyamarar kanta ta buga su a hoton, kada a dogara da wanda manhaja ke nunawa a gefe, wanda ba lallai ya bi bidiyon ba in an fitar da shi. A mai da DS1821+ uwar agogo ta NTP, tsarin daidaita lokaci tsakanin na'urori, kyamarori duka su riƙa saiti da shi, shi kuma ya saita da intanet. Kyamarar da aka killace daga intanet (kuma ya kamata a killace su, a kan kafar waya ta daban) in ba a nuna mata inda za ta sami lokaci ba, agogonta yakan zame da mintuna cikin 'yan watanni, wata ma in wuta ta ɗauke ta dawo sai ta koma shekarar da aka ƙera ta. A saita canjin agogo na Maris da Nuwamba. Abin da ya sa wannan ba wasa ba ne: a Kalifoniya mai saye yana jiran kwana goma daga lokacin da aka shigar da cinikin a DROS, tsarin rajistar cinikin bindiga na ma'aikatar shari'a ta jihar, kuma awa 24 sau goma ake ƙirgawa, ba kwanan kalanda ba. Kyamarar da agogonta ya makara da minti 40 za ta iya nuna ka miƙa bindiga kafin lokaci alhali ba ka yi ba. Ka sayi shaida da kuɗinka ta tsaya a kanka.

Batun sanar da katsewa, Synology ta yi ƙoƙari. In kyamara ta yanke, ko faifai ya fara ciwo, ko wuta ta koma kan batir, saƙo na zuwa ta imel ko ta manhajar waya ta DS cam, kuma ana zaɓar wane lamari zai je wa wa. Giɓin shi ne akwatin da ya mutu ba ya aika saƙon mutuwarsa, haka wanda intanet ɗinsa ya yanke. Sai an sami mai lura daga waje. Active Insight na kamfanin yana yin wannan aiki, yana ƙorafi in akwatin ya daina amsawa, kuma mu muna ɗaukarsa dole ne a irin wannan shago. A jona UPS, wato batirin ko-ta-kwana, ta USB, a ɗora masa suwic ɗin da ke ba kyamarori wuta da na'urar intanet, ba akwatin kaɗai ba. Akwati na aiki kyamarori a mace ba amfani. Kyamara mai cin wuta ta waya a ƙa'idar 802.3af ba ta wuce wat 13, goma ba su kai wat 130 ba ko da fitilun dare a kunne, don haka batirin ba sai ƙato ba. A sa katin ajiya a kowace kyamara mai karɓa, a kunna ɗauka a gefe, ta yadda in akwatin ya tsaya don sabunta manhaja, wanda kan ɗauki mintuna, zai dawo ya janyo abin da ya wuce shi. Kuma a gwada: a zare wayar kyamara ɗaya, a ga ko saƙo ya zo. Imel ɗin da kalmar sirrinsa ta canja wata shida baya shi ne sanannen dalilin shiru. Duk shekara mai shago zai ba ma'aikatar shari'a tabbacin cewa tsarin na aiki, gara ya sa hannu a kan abin da ya gwada da idonsa.

Wa zai kalli hoton, nan ma doka ta ɗaure. Ba a ba kowa sai jami'in da ya zo duba ko tsarin ya cika ƙa'ida, ko wanda ya zo da takardar bincike ko umarnin kotu, ko a kan neman diyyar inshora da shari'ar farar hula. Ɗan sanda ya shigo ya ce a nuna masa na jiya ba tare da takarda ba, amsar ita ce a'a, cikin ladabi. Ɗora bidiyon ɓarawo a Facebook ya fita. Lafazin dokar ya haɗa har da “amfani”, don haka ko binciken cikin gida a nemi ra'ayin lauya a rubuce kafin a mai da shi al'ada. Manhajar ta dace da wannan sosai: ana iya ba ma'aikaci kallon kai tsaye kawai, ba komawa baya, ba saukewa, ba sauti, ana iya sa sai mutum biyu sun amince kafin a buɗe wani abu, kuma tana rubuta wanda ya shiga da abin da ya taɓa. Bidiyon da aka fitar akwai manhajar Evidence Integrity Authenticator da ke tabbatar ba a taɓa shi ba. Abin da ba za ta iya hanawa ba shi ne mai harhaɗawa ya tafi da kalmar sirrin shugaba a aljihunsa. A karɓe ta ranar da ya gama, a canja, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kada a buɗe kafofin 5000 da 5001 ga intanet. A 2014 ƙwayar SynoLocker ta kulle akwatunan da aka bari a buɗe ba a sabunta ba. Makullan gurbin faifai kuma na roba ne, ado ne kawai. Akwatin ya shiga kabad ɗin ƙarfe mai iska, a ɗaure da bango, nesa da ofishin da ɓarawo zai fara dubawa.

Duk wannan rabin aikin ne. Lasisin tarayya ba a kan bidiyo yake tsaye ba, a kan takarda yake. Tun dokar bindigogi ta tarayya ta 1968, mai lasisi yana riƙe kundin shiga da fita: bindigar da ta shigo a rubuta ta kafin a tashi aiki washegari, wadda ta fita cikin kwana bakwai, da sunan maƙeri, da mai shigo da ita ƙasar in ta waje ce, da samfuri, da lambar jikinta, da iri, da girman harsashi. Kowane ciniki da fom 4473 nasa. Da shekara 20 ake ajiye su, tun Agustan 2022 sai ranar da aka rufe kasuwanci, sannan a aika su cibiyar bin sawu ta ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi, da ke Martinsburg a West Virginia cikin kwana 30. In cibiyar ta nemi bayanin wata bindiga, awa 24 gare ka. In ta ɓace ko an sace, awa 48 daga ganowa, ga ATF da 'yan sandan gari. Ƙananan bindigogin hannu biyu ko fiye ga mutum ɗaya cikin kwanakin aiki biyar a jere, fom 3310.4 kafin a rufe shago ranar. Kura-kuran da ke cin mutane ƙanana ne: sifili aka rubuta a madadin harafin O, lambar samfuri a gurbin lambar jiki, an manta mai shigowa da ita, bindigar gyara ta kwana a shago ba a shigar ba, an sayar an cike fom amma ba a fitar daga kundi ba, sai ranar ƙirga kaya a ga kundi ya ce tana nan, rataye kuma babu.

Synology ba ta yin wannan aiki, kuma kada wani ya ce maka jadawalin Excel a kan akwatin ya zama kundi. Hukuncin ATF mai lamba 2016-1 ya yarda da kundin kwamfuta ne bisa sharuɗɗa, ciki har da cewa duk gyara ya bar asalin abin da aka rubuta, da wanda ya gyara, da ranar. Manhajoji irin su FastBound don haka aka yi su. Inda akwatin ke shigowa shi ne wani sharaɗin: in kundin yana kan uwar garken wani kamfani, dole a riƙa sauko da kwafinsa kullum a kan na'urar da ke cikin shagon. Ƙaramin rumbun nan na uku aikinsa ke nan. A yi shi da tsarin Btrfs, a kunna tantance lafiyar fayil, a kunna kwafin rumbu na kullum wanda ba ya gogewa, abin da ya zo da DSM 7.2, babbar manhajar akwatin, a 2023. A rumbunan bidiyo kuwa a bar tantancewar a kashe, kamfanin da kansa bai ba da shawararta ga kyamara ba. Mai son ajiye fom 4473 a kwamfuta ba takarda, hukunci na 2022-01 ya buɗe hanya, amma sai an rubuta wa ofishin ATF na yanki kwana 60 kafin a fara. Izinin shiga rumbun takardu ya zama daban da na bidiyo, tunda mai binciken ATF da ya zo duba kundi hurumin kundi gare shi.

Abu ɗaya da muke yaba wa manhajar a nan shi ne kulle hoto. Bidiyon da aka kulle ba ya shiga layin sharewa. Ranar da aka yi sata, ko aka ƙi sayar wa wani saboda an yi zarginsa, ko lauya ya aiko da takardar a adana shaida, a kulle awannin nan take, a rubuta a gefe ranar, da lokaci, da lambar kyamara. A tuna cewa a Kalifoniya ciniki ɗaya zuwa biyu ne, ranar cike takarda da ranar karɓa, tsakaninsu kwana goma zuwa 30, duka biyun ake kullewa. Kuma abin da aka kulle yana cin wuri har abada, a cire shi daga lissafin sarari.

Korafinmu a kan kamfanin guda biyu ne. A 2024, da DSM 7.2.2, ya ɗauke aikin warware H.265 daga kan akwatin ya mai da shi kan na'urar mai kallo. Ɗauka ba ta tsaya ba, amma kallo ta burauza ya ƙara wuya, gara a saka manhajar Surveillance Station Client a kwamfuta ɗaya ta ofis, gano motsi kuma a bar wa kyamara. Na biyu, samfuran 2025, har da DS1825+ da ya gaji wannan, sun fito da sharaɗin sai faifan Synology, kafin kamfanin ya sassauta a DSM 7.3 cikin Oktoban shekarar. Ga wanda faifai ne mafi tsada a kasafinsa, ninkin kuɗin akwatin sau da yawa, irin wannan sauyin ra'ayi abin lura ne. DS1821+ yana karɓar faifan Seagate da WD da Toshiba. A sayi masu tsarin rubutu na CMR na aikin dare da rana, a guji masu tsarin SMR, a sayi na tara a ajiye a kabad.

Wanda ke tunanin tura komai rumbun intanet ya huta, ya fara duba layinsa: megabit 25 na turawa ba tsayawa, kusan terabait 8 a wata, ga kuɗin ajiyar terabait 100 duk wata. Abin da ya fi dacewa shi ne ajiya a shago, sannan kyamarori biyu ko uku, na ƙofa da na kanta, a riƙa kwafe su zuwa wani akwatin Synology a wani kulallen wuri ta Archive Vault, sashen manhajar mai kwafe bidiyo, saboda gobara da ɓarawon da ya san inda akwati yake.

Ga shago mai kyamara takwas zuwa 11, wanda ke da mutum ɗaya da zai buɗe allon sau ɗaya a wata ya duba ranar hoto mafi tsufa na kowace kyamara, mun ba da shawarar DS1821+ da faifai takwas masu terabait 20. In kyamarori sun kai 12, a sa DX517 cikin kasafi tun farko, a kuma yi masa rukunin faifai na kansa maimakon a shimfiɗa rukuni ɗaya a kan akwati biyu, domin waya ɗaya ce ta eSATA ke haɗa su, in ta zare rukunin duka ya faɗi. Mai shagon da ke aiki shi kaɗai, ko yake ciniki daga gidansa, ba ya kuma son sanin mene ne RAID, gara ya biya kamfanin tsaro kwangilar kulawa, ya sa a rubuta a cikinta adadin kwanakin ajiya, da wanda ke karɓar saƙon katsewa, da awa nawa za su ɗauka kafin su zo canja faifai.